Yadda zaka haɗa sipor na ƙarfi a gida da shirin gudun kilomita 10

Wani ƙanena ne ya tambaye ni wai in yana pomp da ɗaga nauyi a gida ba zai yi nauyin jiki ya kasa gudu ba? Nace mishi ba ƙarfin ke hana gudu ba, rashin jera ranakun ne. Mu a Maradi ma ai mun san ƙarfi, garin da ya hiddo Yacouba Kantou da ya ɗauki takobin farko na kokowar ƙasa a Tawa a 1975, amma ɗan kokowa daban mai gudu daban, kai ƙarfin da kake nema na ƙafa ne da ƙugu da ciki don su riƙe ka har ƙarshen hanya.

Da farko ka ba kanka sati 8 zuwa 10 kahin ranar tsere. A sati gudu sau 3, ƙarfi sau 2, sauran kwanakin hutu, hutu na gaske fa ba wai ka tahi kayi ta ƙwallo har magariba ba.

Ga yadda ni nake jera nawa. Litinin futin a hankali minti 30, irin wanda zaka iya hira da abokinka kana gudu. Talata ƙarfi. Laraba hutu. Alhamis gudun sauri, in kana kusa da istad ka zaga fili sau ɗaya da ƙarfi ka taka a hankali ka sake, kamar sau 6, da marece kuma kayi ƙarfi na biyu, eh rana ɗaya, gara wahalar ta taru wuri guda jiki ya samu Juma'a ya huta. Asabar dogon gudu, ka kama gudron hanyar Dan Issa ko ta Tibiri bayan asuba kahin manyan motoci da ƴan kabu-kabu su cika hanya. Lahadi kwance.

Abin da yake kashe mutane anan shine suyi tsuguno mai nauyi yau, gobe su hita dogon gudu. Nayi haka sau ɗaya wallahi cinyata kamar an ɗaura mata turmi, ko kilomita 4 ban kai ba na dawo a ƙasa ina jan ƙafa. Naman jikin da ya sha aiki yana son wajen kwana biyu kahin ya koma daidai, shi yasa na bar Juma'a tsakani.

Kayan aiki kuwa suna tsakar gidanku. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kenan bidon ɗin nan mai ruwan ɗorawa na lita 25 in ya cika kilo 25 ne, kar ka fara da cikakke, sa rabi ko ƙasa da haka. Rungume shi a ƙirji ka tsuguna ka miƙe sau 10, ka huta ka maimaita har sau 3. Sai hawa dakali da ƙafa ɗaya ka sauko ka canza ƙafa, wannan ni nahi yarda dashi saboda gudu ai kullum akan ƙafa ɗaya kake sauka. Sai ɗaga dunduniya sau 15 kana dafe da bango, sai pomp, sai genaj a kan tabarma sakan 30 zuwa 45 gwiwar hannu a ƙasa baya miƙe. Minti 25 ka gama.

Dogon gudun ka riƙa ƙara mishi kilomita ɗaya a sati, sati na huɗu ka rage kaɗan.

Zahi kuma kar ka raina shi, a watan 4 da na 5 rana na wuce digiri 40, ƙarfe 8 in tayi ka gama ka shigo. Lokacin hunturu in ƙura tayi yawa ka maida ranar ta ƙarfi a ɗaki. Bayan sipor fura da nono ko shinkafa da wake sun ishe ka, ga ƙuli-ƙuli, basai ka kashe jikka-jikka akan garin gina jiki na gwangwani ba. In gwiwa ko ƙashin ƙauri na maka zogi wuri ɗaya har kana ɗingishi, tsaya kaje likita.

Kwana 10 kahin tsere ka aje bidon, genaj da pomp kaɗan kawai, gudun ma ka rage shi rabi. Ranar kuma kasa baskat ɗin da ƙafarka ta saba dashi, sabon ka barshi a kwali sai bayan tsere.