Darasi na 9: A Gwada Farce Kafin a Sha Magani

Ku duba faratan ƙafafunku, musamman na babban yatsa. Wani farcen yakan yi kauri, ya koma rawaya ko ruwan ƙasa, ya riƙa ɓarɓashewa, ko ya ɗago daga jikin nama. Sau da yawa naman gwari ne ke kawo haka, wato dangin ƙwayar cutar da ke sa makero a kan yara da cin ruwa a tsakanin yatsu. Tana son ɗumi da danshi: takalmi rufaffe, safa mai gumi, ƙafar da ba a tsane ba bayan alwala. Masu ciwon suga da tsofaffi sun fi kamuwa.

Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, ko da idon likita ne. Kusan rabin faratan da suka lalace ba naman gwari ba ne. Tuntuɓe, matsewar takalmi da wasu cututtukan fata duk suna ɓata farce iri ɗaya. Shi ya sa ake gwaji.

Ga yadda ake yi. Ma'aikacin lafiya zai goge farcen da sifirit, ya yanke gefen da ya lalace, sannan ya kankaro garin da ke ƙarƙashinsa, kusa da inda farce mai lafiya ya fara, domin a nan ƙwayar take da rai. Ba a ɗibar jini, kuma yawanci babu zafi. A ɗakin gwaji za a zuba wa garin wani ruwa mai suna KOH, ya narkar da farcen, ya bar zaren naman gwarin a fili a gan shi da madubin likita. Wannan kan fito a rana ɗaya ko biyu.

Gwaji na biyu shuka ne. Ana sa ɓarɓashin a ƙaramin faranti mai abincin ƙwayar, a jira ta tsiro, mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye. Jiran yana da amfani, don shi ke nuna ainihin irin ƙwayar, kuma ba kowace iri ce ke jin magani ɗaya ba. Mata masu yawan wanki da wanke-wanke, alal misali, sau da yawa wadda ake kira Kandida ce ke kama hannuwansu. Idan sakamako bai nuna komai ba alhali farcen na ci gaba da lalacewa, likita na iya cewa a sake, domin gwajin yakan kuskure.

Kafin ku je, ku cire jan farce, kada a yi sabon lalle, kuma ku faɗa wa ma'aikacin duk maganin da kuka shafa ko kuka sha, har na gargajiya. Magani yana iya ɓoye ƙwayar.

Ina roƙonku kada ku sayi ƙwayar magani a kemis bisa abin da ido ya gani kawai. Maganin da aka fi bayarwa, terbinafine, ana shan sa kullum tsawon mako 6 don farcen hannu, mako 12 don na ƙafa, kuma yana iya taɓa hanta. Mai ciki da mai ciwon hanta su sanar da likita tun farko. Bayan an gama magani ma, sabon farcen ƙafa kan ɗauki shekara ko fiye kafin ya cika.

Aikin gida: ku rubuta alamomi uku na farcen da ya kamata a kai asibiti, ku karanta wa wani dattijo a gidanku.