Masu Tashi Daga Lawanti Zuwa Abuja

'Yan uwa, kada awa ɗayan nan da jirgi ke yi a sama ta ruɗe ku. Gaskiya ne, daga filin jirgin Lawanti da ke jihar Gombe zuwa na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja kilomita 400 da 'yan kai ne ta sama, kafin ka gama kurɓar ruwan da aka miƙo maka an fara sauka. Amma Lawanti ba cikin garin Gombe yake ba, can hanyar Bauchi ne, kuma daga filin jirgin Abuja zuwa tsakiyar birni wajen kilomita 40 ne.

Lokacin hunturu kuwa hazo na iya riƙe jirgi. Na taɓa ganin wani dattijo rungume da takardun asibiti, ranar ganin likitansa ta wuce shi yana zaune. Don Allah, in uzurin safe ne, ku tashi tun ana gobe.