Yadda Ake Amfani da Na'urar Ƙirga Taku ta Aljihu

Na'urar ƙirga taku, wadda ake kira fedomita, girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Iri biyu ce a kasuwa, kuma ya kamata ka san wadda ke hannunka. Tsohuwar ƙira tana da ɗan ƙarfe mai lilo a ciki, in ka girgiza ta za ka ji yana ƙas-ƙas. Wannan dole sai an maƙala ta a ƙugu, a tsaye, in ta karkace ƙirga ta lalace. Sabuwar ƙira, wadda galibi ake rubuta 3D a kwalinta, tana jin motsi ta kowace fuska. Ita ce ta aljihu.

Da farko ka zare 'yar ledar da ke tsakanin batir da mazauninsa, sannan ka saita agogo. Kada ka raina wannan. Yawancinsu suna komawa sifili da kansu da ƙarfe 12 na dare, don haka in ka sa safe a madadin yamma, da rana tsaka za ta share maka lissafi.

Daga nan sai tsawon taku. Samu fili mai laushin tafiya, ka ja layi a ƙasa, ka ɗora yatsun ƙafarka a kai. Yi taku 10 irin tafiyarka ta kullum, ba ta mai gudun ruwan sama ba. Yi alama inda yatsunka suka tsaya, ka auna da tef, ka raba gida 10. In ka samu mita 7 da santimita 20, takunka santimita 72 ne, wato kusan taku 1,390 ke ba ka kilomita ɗaya. Maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici. Shigar da wannan tsawon takun cikin na'urar tare da nauyinka. Lissafin nisa da na kalori (ma'aunin kuzarin da jiki ya ƙona) da take yi da su kiyasi ne kawai, adadin takun ne abin dogaro.

Yanzu gwaji. Mayar da ita sifili, saka a aljihun gaba na wando, ka yi taku 100 kana ƙirgawa a zuci. In ta nuna tsakanin 95 da 105, lafiya lau. In ta kauce, kafin ka zargi na'urar duba aljihun. Aljihun kaftani ko na jallabiya yana da faɗi, na'urar kan yi ta lilo a ciki, ta ƙara ko ta rage. Gara aljihun wando ko na ƙirji mai ɗan matsi. Mace mai zani za ta iya maƙala ta a bakin siket na ciki. Jakar hannu ba ta da amfani sosai, tunda rabin yini a ajiye take, alhali kai-komon tsakar gida shi ne yawancin tafiyar.

Wani abu da ke rikita sababbin masu amfani: za ka yi taku huɗu ko biyar ka ga lamba ba ta motsa ba. Ba lalacewa ba ce. Da gangan take jira ta tabbatar tafiya ce, sannan ta zuba takun baya gaba ɗaya. Jan silifas a ƙasa da tafiyar tsofaffi mai sanyi su ma suna sa ta ƙirga ƙasa da gaskiya. Akasin haka kuma, hawa acaɓa ko adaidaita sahu a hanya mai gargada yana ƙara takun ƙarya. Duba lamba kafin ka hau da bayan ka sauka, ka cire bambancin.

Makon farko kada ka canza komai a rayuwarka. Kowane dare rubuta adadin a littafi, bayan kwana 7 ka haɗa ka raba gida 7. Nan ne mafarinka. Sai ka ƙara taku 500 zuwa 1,000 a kan wannan adadin na rana, ka zauna a kai mako ɗaya ko biyu kafin ka sake ƙarawa. Minti 10 na tafiya da sauri yana ba da kusan taku 1,000, don haka zagayawa ta doguwar hanya zuwa masallaci ko kasuwa ya isa.

Batun da ake yawan faɗa cewa sai an yi taku 10,000 a rana kuwa, ba doka ba ce ta likitoci. Ya samo asali ne daga Japan a 1965, lokacin da kamfanin Yamasa ya fitar da na'ura mai suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma. Hukumar Lafiya ta Duniya da mintuna take magana: 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ga baligi. Wanda ya tashi daga taku 3,000 a rana ya kai 6,000 ya yi babban aiki. Mai ciwon zuciya ko mai ciwon suga da ke da rauni a ƙafa ya fara tuntuɓar likita.

In lambobi sun fara dusashewa, batir ne, yawanci CR2032 mai kama da kwabo. Rubuta lissafinka kafin ka canza, don wasu na'urorin suna mantawa da komai, kuma gefen da ke da alamar + ya bi yadda aka zana a mazaunin. Cire ta daga aljihu kafin wanki, ruwa na kashe ta. Tsohon batirin kuma a kawar da shi nesa da yara, domin in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi, kuma sai an garzaya asibiti nan take.