Yadda Ɗalibi Zai Haɗa Bidiyon da Abubuwa Marasa Rai Ke Motsi a Cikinsa

Idan aka jera hotuna masu kama da juna, aka nuna su ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, ido yakan ɗauke su a matsayin motsi guda wanda bai yanke ba. A kan wannan aka gina fasahar da ake sa 'yar tsana ta yi tafiya, ko alƙalami ya zagaya tebur shi kaɗai: a ɗauki hoto, a gusar da abin kaɗan, a sake ɗauka, har a tara ɗaruruwa. Da ita kamfanin Aardman na Ingila ya yi finafinan Wallace da Gromit, waɗanda aka ƙera taurarinsu da yumɓun roba, kuma ɗalibin da aka ba aikin bidiyo zai iya bin wannan hanya da wayar hannu kawai.

Matakin farko lissafi ne. Fim na silima yana nuna hotuna 24 a kowace daƙiƙa, amma masu wannan aiki da yawa sukan wadatu da 12, kuma shi ne adadin da ya dace da mai koyo. Ke nan bidiyon daƙiƙa 30 yana buƙatar hotuna 360, na minti ɗaya kuwa 720. Idan gyaran kowane hoto ya ci daƙiƙa 20, hotuna 360 za su cinye awa biyu cur, ban da lokacin da kuskure zai ɗauke. Saboda haka ka zaɓi labari gajere mai tauraro ɗaya ko biyu, ka zana shi a takarda cikin akwatuna shida ko takwas, ka rubuta daƙiƙoƙin da kowane akwati zai ci a ƙarƙashinsa.

Mataki na biyu shi ne shirya dandali da taurari. Tebur mai ƙarfi da farin kwali a bayansa sun isa. A ganina, wanda bai taɓa yi ba gara ya fara da takardun da aka yanka aka shimfiɗa a tebur, kyamara tana kallonsu daga sama, domin ba sa faɗuwa. Wanda ya zaɓi yumɓu ya saka siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa a cikin jikin tauraron, don hannu ya tsaya inda aka ajiye shi. Duk abin da ba a so ya motsa, a manne shi da salatif.

Mataki na uku ne yake bambanta aiki mai kyau da mara kyau, wato kafa kyamara da haske. Ƙa'idar ita ce kada komai ya canza tsakanin hoto da hoto sai abin da kai ka motsa da gangan. Ka ɗora wayar a kan matokari mai ƙafa uku, ko ka tokare ta da littattafai ka ɗaure, sannan ka kulle saitin haske da na kaifin hoto, domin idan ka bar wayar tana daidaita kanta, wani hoto zai fito da haske wani da duhu, bidiyon ya riƙa ƙyaftawa. Hasken rana ma yakan jawo irin wannan matsala, tun da yana canzawa da wucewar gajimare da tafiyar lokaci, don haka a rufe labule a kunna fitilun tebur biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kwan fitila mai zafi yana narkar da yumɓu, sai a nemi na LED. Akwai wani abu da ake yawan mantawa da shi: farar riga tana mayar da haske kan dandali duk lokacin da ka sunkuyo, saboda haka tufafi masu duhu sun fi.

Daga nan sai ɗaukar hotunan. Manhaja irin su Stop Motion Studio tana nuna inuwar hoton da ya gabata a kan wanda ake shirin ɗauka, ta yadda za ka ga iyakar nisan da ka gusar da abin. Kada ka taɓa fuskar wayar da yatsa, don kada ta gusa. Ka yi amfani da agogon jinkiri, wanda ke ɗaukar hoto da kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi, ko maɓallin ƙara na iyafis. Wajen gusar da abin, tazara kaɗan tana ba da motsi a hankali, tazara mai yawa tana ba da gudu. Abu mai rai ba ya tashi da cikakken gudu, ba ya kuma tsayawa cak, don haka ka fara da ƙananan tazara, ka faɗaɗa su a tsakiya, ka sake rage su kafin tsayawa. Inda kake so mai kallo ya fahimci wani abu, ka ɗauki hotuna shida zuwa goma sha biyu ba tare da ka motsa komai ba. Bayan kowane hoto ashirin ko talatin, ka kunna abin da ka tara ka duba, domin gyaran kuskure a lokacin ya fi sauƙi a kan sake ɗaukar hotunan gaba ɗaya. Idan aikin na rukuni ne, mutum ɗaya ya motsa taurari, ɗaya ya danna kyamara, ɗaya ya riƙe takardar lissafi.

Mataki na ƙarshe tacewa ce. Ka goge duk hoton da hannunka ko inuwarka ta shiga, ka saita gudun a kan hotuna 12 a daƙiƙa, ka ƙara sauti da take da sunayen waɗanda suka yi aikin. Idan tauraron zai yi magana, muryar ake fara naɗa tun kafin ɗaukar hoto, sannan a ƙirga hotunan da kowace kalma za ta ci. Ka fitar da bidiyon a tsarin MP4, ka kuma adana ainihin hotunan a wani wuri dabam har sai malami ya duba aikin, ko da zai nemi a gyara wani sashe.