Yadda Ake Haɗa Turaren Wuta na Ƙaro Lokacin Kaka

Da zarar damina ta ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, labule da katifu da akwatunan kaya na riƙe da warin danshin da suka sha wata huɗu. Turaren itace zalla yakan yi sanyi a nan. Mai ƙaro a ciki shi ne ke kama ɗaki. Kuma iskar kaka busasshiya ce, haɗi na shanyuwa ba tare da ya yi fumfuna ba.

Ƙaro iri uku ne suka fi dacewa. Lubban, wanda ake kawowa daga Sudan da Somaliya da Oman; ƙaron hano, wato ararrabi, bishiyar nan mai saɓule ɓawo da ke fitowa kan duwatsu a ƙasarmu, ɗan'uwan lubban ne, ƙamshinsa na ɗan kama da ɓawon lemo; sai ƙaron maje, mai nauyi da hayaƙi. Ki kula wajen saye, don akan cakuɗa su da ƙaron dakwara, wanda ba shi da ƙamshi ko kaɗan. Jefa ƙwaya ɗaya a ruwan ɗumi ki bar ta ta kwana. Dakwara na narkewa ruwan ya yi yauƙi garau, lubban kuwa ruwan fari yake yi kamar madara, da saura a ƙasa.

Ma'auni da kofin shayi: lubban 1, hano rabi, maje kwata, itacen sandal ko gabgab 3, dakakken kajiji 1, kanumfari cokali 1, sukari kofi 1, madarar turare tola 2. Ƙaro gaba ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na haɗin. In ya wuce, narkewa zai yi ya kashe garwashi.

Wajen daka ake fara samun matsala. Ƙaro na jin zafin taɓarya sai ya yi danƙo ya manne a turmi. Ki sa shi a firiji minti 30, ko ki daka da sassafe kafin rana ta ɗaga, ki watsa ɗan garin sandal a turmin tukuna. Ba gari ake so ba, ɓarzawa kawai, kamar tsakin masara. Injin markaɗe kuwa ki ƙyale shi, ƙaron zai lalata miki shi.

Ki dafa sukarin da ruwa rabin kofi da ruwan rabin lemon tsami a wuta kaɗan, har ya fara zare tsakanin yatsu biyu, kafin ya soma ja. Zuba itacen da kajiji da kanumfari, ki juya har kowane tsinke ya sami rabonsa, sai ki sauke. A nan mutane da yawa ke yin kuskure: su zuba ƙaro tukunya na kan wuta, ya narke ya dunƙule, man da ke ɗauke da ƙamshin ya bi iska. Jira har ki iya sa hannu a ciki ba tare da kin janye ba, sannan ki barbaɗa ƙaron. Madarar turare ita ce ƙarshe, kuma ta mai, ba ta fesawa ba. Baza a faranti a inuwa kwana 2, ki ɗura a kwalbar gilashi ki rufe sati 3. Roba tana shan ƙamshi ta kuma ba da nata.

Wajen kunnawa, garwashin da ya yi jajir ba na ƙaro ba ne. Bari farar toka ta lulluɓe shi, ko ki yayyafa masa toka da kanki, ki ɗora abin da yatsu uku suka ɗauka. In kin ji ƙauri, ko dai wuta ta yi yawa ko sukari ya ƙone tun a tukunya. Baƙin dunƙulen da ya rage ki cire shi da cokali kafin ki ƙara sabo, shi ne ke kawo ɗacin da ke shaƙe maƙogwaro. Idan hunturu ya kankama ana rufe ko'ina, kada a kwana da kasko a ɗaki. Hayaƙin gawayi yana kisa. Ki turara, ki fitar da kaskon, ki ɗan buɗe taga, musamman in akwai jariri ko mai asma.