Yadda Ake Shirya Abincin Sallah Ba Tare Da Cin Bashi Ba

'Yan uwa mata sun sha tambayata yadda ake karɓar baƙin Sallah da kuɗi kaɗan. Ga matakan:

1. Ki ƙiyasta yawan baƙinki kafin ki ware kuɗi.
2. Ki sayi shinkafa da man gyaɗa tun kafin goman ƙarshe na azumi, domin farashi yakan tashi idan Sallah ta gabato.

Hattara: kada ki haɗa da tumatir da attarugu a wannan cefanen, domin za su ruɓe, ki yi asara.

3. Ki shiga watanda da maƙwabta, ya fi sayen nama a kasuwa sauƙi.
4. Ki jiƙa shinkafar waina da safiyar jajibiri.
5. Ki dafa zoɓo da citta da kanumfari a madadin lemon kwalba.