Kurakuran da masu sabon agogo ke yi da lambar HRV

Tun da agogon motsa jiki ya yawaita a hannun samarin Gombe, da wuya in je filin wasa na Pantami bayan sallar asuba wani bai miƙo min hannunsa ba: "Yaya, duba min. Lambar HRV tawa 38 ce, ta abokina 90. Ko zuciyata ba lafiya?" Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zuciya ba ta bugawa kamar agogon bango. Ko tana yin 60 a minti, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ba ɗaya ba ce: wannan milisakan 980, na gaba 1,030 (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya). In ka ja numfashi ta ɗan ƙara sauri, in ka sauke ta lafa. Wannan bambancin tazarar ake kira HRV. Idan jiki ya huta yakan yi yawa. Gajiya, rashin barci, damuwa da zazzaɓi kuma sukan rage shi.

Kuskuren da na fi gani shi ne gasa. Lambar tana raguwa da shekaru, kuma kowa da halittarsa, don haka ɗan shekara 20 da magidanci mai 45 ba su da abin gwadawa da juna. Su ma na'urorin ba lissafi ɗaya suke yi ba: Apple Watch yana bin salon lissafin da ake kira SDNN, na kamfanonin Garmin da Oura da Whoop kuwa wani salon mai suna RMSSD suke amfani da shi. Wani ya auna da mudu, wani da tiya, sai ku zauna kuna musun wa ya fi hatsi? Ka gwada kanka na yau da kanka na makon jiya. Garmin ma sai ka kwana da shi kusan mako 3 kafin ya gane inda lambarka ta saba tsayawa.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne wanda ni na yi. Wata Afrilu ce, zafin Gombe ya kai inda ko da dare katifa tana ƙuna. Ina shirin wani dogon gudu, sai lambata da ta saba zama tsakanin 55 da 65 ta faɗo ƙasa da 40, kwana huɗu a jere. Bugun zuciyata ina kwance shi ma ya tashi daga 54 zuwa 63. Na gani da idona, na ce ai zafi ne, ko agogon ne ya fara ruɗewa. Ran Asabar na yi kilomita 12 a hanyar Dukku, ƙafafuna kamar an ɗaura musu bulo, amma na ƙi tsayawa. Kafin magariba sanyi ya rufe ni, haƙorana suna haɗuwa. Gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya riga ya yi nisa. Na sha ƙarin ruwa, na yi mako uku ban sa takalmin gudu ba, gudun da nake shiri ya wuce ni. Abin da ban manta ba shi ne fuskar mahaifiyata a bakin gado tana cewa, "To agogon da ka kashe wa kuɗi, bai gaya maka ba ne?" Ya gaya min. Ni ne na toshe kunne.

Don Allah ku daina wannan taurin kan! Kun sayi abu da tsada, kuna ɗaukar hotonsa ku sa a WhatsApp ranar da ya nuna kore, alamar lafiya lau, ranar da ya gargaɗe ku kuma ku ce ƙarya yake. Dokar da na kafa wa kaina tun daga lokacin ita ce: faɗuwar rana ɗaya ba na ko kula ta, don tuwon da aka ci ƙarfe 11 na dare kaɗai ya isa ya jawo ta. Amma in ta kai kwana uku, bugun zuciyata ina kwance kuma ya hau, to babu gudu, sai tafiya a hankali da ruwa da barci. In ciwon kai ko ɗumin jiki ya biyo baya, gwaji zan je, ba na tsayawa a kemis a haɗa min magani da ka. Agogo ba ya gane maleriya. Iyakarsa ya ce jiki na fama da wani abu.

Kada kuma ku ɗauka duk lamba mai yawa alheri ce. Zuciyar da ke tsallake bugu ko take bugawa ba tsari tana iya sa lambar ta yi tsalle sama. Wanda ya ga tasa ta ninka haka kawai, yana kuma jin faɗuwar gaba, jiri ko nauyin ƙirji, asibiti zai nufa a yi masa gwajin bugun zuciya na ECG. Mai hawan jini kuwa kada ya kuskura ya ajiye maganinsa don agogo ya yabe shi.

Sauran ƙanana ne. Igiyar agogo ta kama fata, kada ta riƙa lilo. Kada ka auna bayan shayi ko goro, ko kana hira. Kada ka auna yau a kwance, gobe a tsaye. Ni da na farka, kafin in taɓa waya, nake ɗaura bel ɗin ƙirji na Polar H10 in zauna shiru minti biyu, domin ya fi hasken da agogo ke awo da shi kama bugun daidai.

Sai azumi. Sahur da tahajjud suna juya lokacin barci gaba ɗaya, lambar takan rikice a kwanakin farko, mutane su firgita. Ni a Ramadan littafi daban nake buɗewa, in mayar da awon bayan barcin hantsi, kuma ba na haɗa shi da na sauran watanni har sai an yi mako guda da sallah.